Yaro ya hana ni sakat a layin asibiti, yaya zan yi ban takura wa mutane ba?

Assalamu alaikum. Wata 'yar'uwa daga Gyallesu ta turo min tambaya, ta ce tana da yaro ɗan shekara 3 da jaririya 'yar wata 8, ranar da ta kai jaririyar asibiti tun ƙarfe 7 na safe suke kan benci har aka kira azahar ba a zo kansu ba, yaron ya gaji ya fara birgima a ƙasa, ta miƙa masa waya ya kalli katun sai wata dattijuwa ta ce ƙarar ta dame ta, ta karɓe wayar yaro ya ɓare baki yana ihu, sai kuma wata daga baya ta ce ai yaran yanzu ba tarbiyya. Ta ce da hawaye ta koma gida. Tambayarta ita ce me ya kamata ta yi a irin wannan wuri, yaro ya samu natsuwa mutane kuma ba su takura ba.

To ƙanwata, da farko dai sannu, Allah ya ba jaririya lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na fi shekara 20 a ɓangaren yara da rigakafi a nan Zariya, kuma abin da kika faɗa ɗin nan kusan kullum sai na gan shi da idona. Ki fara cire wa ranki maganar rashin tarbiyya. Yaro ɗan shekara 3 da aka ajiye wuri ɗaya awa 6, ga yunwa ga zafi ga baƙin fuskoki ga kukan wasu yaran da ake wa allura yana ji, in bai yi rigima ba ni sai in taɓa goshinsa in ji ko zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Allah ya halicci yaro da motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a shawarwarin da ta fitar a 2019 ta ce yaro daga shekara 1 zuwa 4 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana, wato awa 3, kuma kada a tsare ƙaramin yaro wuri ɗaya fiye da awa 1 a jere, har goyon baya sun ambata a ciki. Kin ga kenan abin da muke nema a wurin yaro a layi abu ne da ya saɓa wa jikinsa, shi ya sa sai da dabara, tsawa da zare ido ba sa yi.

Rabin aikin tun daga gida ake yin sa. Yawancin yaran da nake gani suna rigima da ƙarfe 10 na safe ba wani abu ba ne illa yunwa, uwa ta yi sammako don ta kama layi, ta tashi yaro daga barci ta wanke masa fuska kawai ta sa shi a keke napep, bai sa komai a cikinsa ba, in kuma asibitin koyarwa na Shika za a je daga cikin gari, ki duba daga Ƙofar Doka zuwa Kwangila zuwa Samaru sannan a miƙa, kafin a isa ma yaron ya riga ya galabaita. Ki tashi da wuri ko minti 20 ne ki dama masa koko ko kunu ya sha da ƙosai, ya zaga banɗaki, sannan ku fita. A jaka ki sa ruwa a gora tasa shi kaɗai, ayaba ko dafaffen dankali ko biredi ko biskit marar zaƙi sosai, kaya na canji guda, famfas, leda biyu ko uku na zuba shara da jiƙaƙƙen kaya, da tsohon zani wanda za ki shimfiɗa in ya so zama a ƙasa. Wannan zanin ina son shi ƙwarai, don yaro in ka shimfiɗa masa ka ce nan ne ɗakinka, ka ba shi iyaka kenan, zai zauna a kai fiye da yadda zai zauna a benci ƙafafunsa na lilo.

Akwai abin da nake roƙon iyaye kada su ba ƙaramin yaro a layi, gyaɗa, aya, gugguru, alewa mai tauri, dabino da ƙwallonsa. Ba don tsada ko zaƙi ba, don shaƙewa. Yaro ƙasa da shekara 5 maƙogwaronsa ƙarami ne kuma bai iya tauna sosai ba, yana ci yana kuka ko yana dariya ko wani ya bangaje shi sai ƙwayar gyaɗa ta wuce hanyar numfashi, na ga yaron da aka yi makonni ana masa maganin tari ashe gyaɗa ce a huhunsa. Haka murfin biro, murfin gora, balan-balan, da ƙananan batir ɗin nan masu kama da maɓalli da ke cikin wasu kayan wasa. Ita kuma jaririyar da ba ta kai wata 6 ba nono kawai, ko ruwa ba a ba ta, taki tunda ta kai wata 8 za ta iya shan ruwa da ɗan kununta, amma nonon shi ne babban abin lallashi, ki ja hijabi ki ba ta duk inda kike, babu mai hankalin da zai ga laifinki.

Yanzu maganar waya, tunda ita ce ta jawo miki magana. Gaskiya dattijuwar nan tana da hujja ko da yadda ta faɗa bai yi daɗi ba. Wanda ya zo asibiti ba lafiya gare shi ba, wata kanta ke sarawa, wata ta kwana ba ta runtsa ba da mara lafiya, wata kuma kunnenta na kan ƙofa tana jiran a kira sunanta, in sunan ya wuce ta sai ta koma baya. Waƙar katun guda ɗaya tana maimaita kanta sau 30 a kunnen irin wannan mutum azaba ce. Kuma ba katun kaɗai ba, har karatu ko wa'azi ko waƙar yabo, in dai a wurin jama'a ne ki rage murya yadda daga ke sai yaron za ku ji, ko ki kashe sautin gaba ɗaya ku riƙa kallon hotunan gida, ki ce masa wane ne wannan, ya ce Abba, ina aka ɗauka, ya ce gidan Hajiya, wannan ya fi katun riƙe yaro don yana magana da ke. Ban ce waya haramun ba ce, ni ma na sha ba jikokina a mota. Amma ki bar ta ta zama makamin ƙarshe, in kin fito da ita tun ƙarfe 8 to me za ki fito da shi ƙarfe 12, ga caji ya ƙare ga yaro ya saba. Su Hukumar Lafiya ta Duniya cewa suka yi yaro ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini, ƙasa da haka ya fi. Inda kika yi kuskure ɗaya shi ne fizge wayar farat ɗaya saboda kunyar mutane, ko babba aka fizge wa abu a hannu sai ransa ya ɓaci. Da kin fara rage ƙarar, ki ce wa dattijuwar "Mama ki yi haƙuri na rage", sannan ki ce wa yaron in wannan ya ƙare wayar za ta shiga jaka ta huta, in ya ƙare ki sa shi ya saka ta a jakar da hannunsa, sai ki miƙo masa wani abin nan take kafin ya tuna.

Wani abin kamar me? Nan ne nake jin takaici don iyayenmu sun bar mana kaya da yawa mun watsar. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 6 kacici-kacici yana riƙe shi sosai, ki matso kusa da kunnensa ki ce ƙulin ƙulifita, ki koya masa ya ce gauta, ki ce shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, ya yi ta laluben amsa har ki ce tsintsiya, ki ce Baba na ɗaka gemu na waje, wuta da hayaƙi. Ba sai ya gane duka ba, daɗin raɗa da ke shi yake so. Ki yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a hankali, na san an ce ba a tatsuniya da rana, to ki kira ta labari, ki riƙa tsayawa kina tambayarsa sai me Gizo ya yi, ya ƙarasa da kansa ko da shirme ne. Ku ƙirga abubuwa, fanka nawa ce a ɗakin nan, mutum nawa ne suka sa shuɗin kaya, takalmin wa ya fi girma, amma ki koya masa da ido ake yi ba a nuna mutum da yatsa. In yana zuwa Islamiyya ku yi tilawar ƙananan surori ƙasa-ƙasa, ke ki ja aya shi ya ja ta gaba. Tsohon littafin rubutu da fensir guda ɗaya, ki ɗora hannunsa a takarda ki zana zagayen yatsunsa, sannan shi ma ya zana naki, wannan kaɗai na ga ya ci rabin awa. Akwai wata uwa da ba na mantawa da ita, daga wani ƙauye ta wajen hanyar Giwa take zuwa, ko waya ba ta da ita, sai ta ƙulle bakin ɗankwalinta ya zama kamar kan 'yar tsana, ta riƙa sa 'yar tsanar tana gaishe da yarinyarta da ƙaramar murya, ina kwana, kin tashi lafiya, ina Innarki, yarinyar tana amsawa tana ƙyalƙyala dariya, kafin ka ce kwabo yara huɗu sun kewaye ta sun yi tsit, mu kanmu ma'aikata ranar mun ji sauƙin aiki.

Kuma ki ba shi aiki. Yaro yana son a ce shi babba ne, ki ce Yaya riƙe min katin ƙanwarka kada ya faɗi, kai ne za ka miƙa wa nas, ko ka riƙa yi mata fifita da wannan kwalin, ko ka saurara in an kira sunanmu ka gaya min. Sau da yawa rigimar babban yaro a layi kishi ne, yana ganin jaririya a cinya tun safe shi ko kallonsa ba a yi sai in ya yi laifi, to ya gano cewa birgima ce hanyar da za ki juyo gare shi. In jaririyar ta yi barci ki goya ta, shi ki ɗora shi a cinya ko minti 5 ne.

Kayan wasa masu ƙara, bindigar roba mai jiniya, usur, mota mai waƙa, ƙwallo, waɗannan a bar su a gida. Abu ɗaya ko biyu marasa ƙara sun isa, kuma kada ki zube su lokaci guda, ɗaya bayan ɗaya.

Sai abin da ya fi ci min rai a duk maganar nan, tsoratar da yaro da yi masa ƙarya. "Ka yi shiru ko in sa nas ta yi maka allura." Wallahi ƙanwata duk ranar da na ji wannan sai raina ya sosu, wata ma har ta kira ni, Sista zo ki tsira masa. Na sha tsugunawa gaban yaro in ce ni ba na yi wa yaro allura don ya yi kuka, sai don kada ciwo ya kama shi. Ki duba abin da ake shukawa, yaron nan gobe zazzaɓin cizon sauro zai kama shi, dole a kawo shi wurina, ya riga ya ɗauka ni horo ce, sai mutum uku sun danne shi kafin a sa masa ruwa, jijiya tana ɓacewa, a yi ta huda shi. Wasu har su girma da gudun asibiti. Haka ga dodo nan, ga ɗan sanda nan zai kama ka, ga mahaukaci nan, zai yi shiru na minti 2 don tsoro sannan kukan ya dawo ya fi na farko. Ita ma ƙaryar lallashi haka take, yanzun nan za mu tafi, alhali kin san akwai mutum 40 a gabanki, ko in ka yi shiru zan saya maka keke. Akwai hadisi a Abu Dawud, mahaifiyar Abdullahi bin Amir ta kira shi yana ƙarami ta ce zo in ba ka, Annabi (SAW) yana gidan, ya tambaye ta me za ki ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ki ba shi komai ba da an rubuta miki ƙarya. To ki yi alƙawarin abin da za ki iya, in mun fito zan saya maka awara ko lemo a bakin get, kuma in kun fito ki saya ko kin gaji. Yaro ɗan shekara 3 bai san minti 10 ko awa 1 ba, abin da ido ke gani ya sani, ki ce masa ka ga mai jan hijabin can, in ta shiga sai mai goyo, sai waccan, sai mu, ku riƙa ragewa tare. In kuma shi za a yi wa allurar kada ki ce ba zafi, ki ce akwai zafi kaɗan kamar cizon tururuwa kuma ina riƙe da kai. Jarirai kuwa ki ba su nono lokacin da ake allurar ko dab da ita, yana rage musu zafi, wannan ma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ce tun 2015.

Duka da ranƙwashi da mintsini ta ƙarƙashin hijabi, na san yawanci ba mugunta ba ce, kunyar idon mutane ce take sa uwa ta yi don a ga tana tarbiyya. Amma ban taɓa ganin yaron da duka ya sa ya yi shiru a layi ba, ƙara ƙarar kawai yake. In ya riga ya ɓalle da ihu yana shure-shure, lokacin magana ya wuce, ba ya jin ki, ɗauke shi za ki yi ku fita waje inuwa, ki wanke masa fuska, ki riƙe shi har numfashinsa ya daidaita, sannan ku dawo. Kuma don Allah kada a ba yaro maganin mura ko na tari wai don ya yi barci a huta, ina jin mata suna ba juna wannan shawarar a kan benci. Irin waɗannan magungunan suna iya danne numfashin ƙaramin yaro, wani kuma maimakon barci sai ya birkice ya fi da, sannan in likita ya zo duba shi ya same shi ya yi laushi ba zai gane ciwon ne ko maganin ba.

Fita shan iska kuwa ba sai ya fara kuka ba, duk bayan kamar rabin awa ko da kin ga ya fara mutsu-mutsu ku tashi ku taka zuwa bakin baranda ku dawo. Ladabin shi ne ki sanar da ta gabanki da ta bayanki, "Baiwar Allah ina bayanki, zan zaga da yaro, in an kira suna kaza ki ce ina nan", in kin dawo ki yi godiya, ita ma in ta tashi ki riƙe mata. Kada ki bar jaka da waya da kuɗi a matsayin shaidar layi. Kada kuma ki saki yaro yana zagaye shi kaɗai kina hira, asibiti akwai keken marasa lafiya, akwai kwandon shara mai audugar jini, akwai kwalin da muke zuba alluran da aka yi aiki da su, yaro yana ganin rami sai ya tura hannu. In fitsari ya kama shi a kai shi banɗaki ko da nisa, ba bakin kwata ko gindin bishiyar da mutane ke zaune ba, famfas ɗin da aka cire a ƙulle a leda a nemi kwandon shara, in babu a tafi da shi gida. Ɓawon ayaba da ledar fiya wata ma haka, masu shara mutane ne.

Maganar abinci a gaban yaran mutane tana da ɗan nauyi. Ke kin buɗe biskit, yaron kusa da ke ya zuba ido, uwarsa kuɗin mota kawai ta zo da shi. Al'adarmu ba a ci a hana yaro, shi ya sa nake cewa ki riƙo da ɗan ƙari. Amma a asibiti ki tambayi uwar tukuna, "Maman yaro in ba shi?" don wani an ce kada ya ci komai za a yi masa gwaji ko aiki, wani yana amai da gudawa, wani yana da ciwon suga. In ta ce a'a kada ki ji haushi, ki ɗan juya da naki gefe ya ci. Kofi ɗaya ko gora ɗaya kam kada a haɗa, haka abin wasan da yaro ya sa a baki. Mutane suna ganin kamar ƙyama ce, ba ƙyama ba ce, tun ƙarshen 2022 da cikin 2023 mun ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Arewa musamman Kano, kuma ta yawu da tari yake yaɗuwa. Ƙyanda kuwa ƙwayar cutar tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, taki jaririyar ba ta kai wata 9 ba, ba a yi mata allurar ƙyanda ba tukuna, don haka in kin ga yaro da zazzaɓi da ƙuraje da jan ido ki matsa da ita inda iska ke kaɗawa. In kuma naki ne yake da waɗannan alamun ki gaya wa nas tun daga ƙofa a ware ku, wannan ma haƙƙin jama'a ne.

Akwai yaron da bai kamata ya bi layi ba sam, wannan ina so kowace uwa ta riƙe. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa kama nono ko shan ruwa, ko duk abin da ya ci sai ya amayar, ko ya yi laushi ana tashinsa ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa na sauri ƙirjinsa na lotsawa ciki, ɗauke shi za ki yi kai tsaye wurin nas ko ɗakin gaggawa ki faɗa da babbar murya, kada kunya ta sa ki zauna kina jijjiga shi a baya kina jiran a zo kanki. Waɗanda ke layi kuma su ba da hanya. Amma yaro lafiyayye ba tikitin tsallake layi ba ne. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 na tsaya a layin wani banki a Sabon Gari na ga ana karɓar aron goyo don a shiga gaba, jariri ɗaya ya zaga hannu uku cikin rana, abin ya dame ni ƙwarai don wahalar a kan jaririn ta ƙare, kuma irin wannan ne ke sa gobe a ƙi tausaya wa mai goyon gaskiya. In an ce miki wuce ki yi godiya ki wuce, in ba a ce ba kina iya roƙo da ladabi, in an hana ki haƙura.

Layin banki ko na rajistar NIN ko na karɓar kuɗi a ATM ya fi na asibiti wuya ta wani gefen don yawanci a tsaye ake kuma a rana, ga watan Maris da Afrilu a Zariya zafi na kusantar digiri 40. In akwai yadda za a yi a bar yaro wurin kakarsa ko maƙwabciya to a bar shi, ba dole ne duk inda uwa ta sa ƙafa yaro ya sa ba. In dole ne a nemi inuwa, a yawaita ba shi ruwa, jaririn da ke goye a riƙa sauke shi ana duba shi, don hijabi mai kauri a kan goyo cikin rana yana dafa yaro uwa ba ta sani ba, shirun da ya yi sai ta ɗauka barci ne. Iyaye maza ku ma da ku nake, in kun rako iyali kada ku zauna a mota ko gindin bishiya kuna danna waya, ka karɓi babban yaron ka zaga da shi, ka nuna masa motoci, ka saya masa lemo, uwar ta ji da ƙaramin. Annabi (SAW) ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta in ya miƙe ya ɗauke ta, ɗaukar ɗanka a bainar jama'a ba ya rage maka komai.

Ita kuma wadda ta ce ba tarbiyya, da tana gabana da na ce mata Hajiya ke ma kin yi goyo, kin san ranar da yaro ya kunyata ki. Ba ki san tun yaushe matar nan ta fito ba, ba ki san ko yaron yana da wata lalura ba, akwai yaran da hayaniya da cunkoso ke gigita su saboda yadda Allah ya yi ƙwaƙwalwarsu, a ido lafiya lau suke, iyayensu sun fi kowa shan baƙar magana a layi. A Bukhari ya zo cewa Annabi (SAW) yakan shiga sallah da niyyar tsawaitawa sai ya ji kukan yaro ya taƙaita saboda kada ya wahalar da uwar. Sallah kenan fa. Abin da mai zaune kusa zai yi ba shi da yawa, ki matsa mata wuri, ki ce kawo jakar in riƙe miki, ki yi wa yaron wasa da fuska, ki ce je ki zaga da shi ina riƙe miki layi. Sai dai kada ki ɗauki ɗan mutane ki fita da shi ba da izinin uwar ba, kada kuma ki ɗaga waya ki ɗauki bidiyon yaro yana birgima don a yi dariya a TikTok ko a sitatus, wannan cin amana ne.

Mu ma'aikata ma muna da namu, da za mu riƙa fitowa muna gaya wa mutane abin da ake jira da rabin ɓacin ran ya tafi. Misali ranar rigakafi mata suna cewa mun zauna muna hira mun ƙi farawa, alhali allurar BCG, wato ta tarin fuka, da ta ƙyanda gari ne a kwalba ake haɗa shi da ruwansa, kwalba ɗaya ta yara da yawa ce, ta ƙyanda yawanci yara 10, kuma da zarar an haɗa in ta wuce awa 6 zubar da sauran ake yi, shi ya sa ake ware musu rana kuma ake jira yara su taru kafin a fasa. To ke wata mai zuwa jaririyarki za ta cika wata 9, lokacin allurar ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau kenan, sannan ƙyanda ta biyu a wata 15. Kafin ranar ki aika ko ki leƙa asibitin da ya fi kusa da ku ki tambayi wace rana suke fasa ta ƙyanda kuma ƙarfe nawa suke farawa, ba sai kin tafi babban asibiti ba, ƙananan asibitocin unguwa suna yi kuma kyauta ne, layinsu ma bai cika kai na manyan ba. Ki duba katin tun dare ki sa a jaka tare da zanin shimfiɗa da gorar ruwa, ki gaya wa Yayan tun kafin ya kwanta cewa gobe za mu kai ƙanwarka, za mu daɗe, kai ne mai riƙe kati, in mun fito akwai awara. Allah ya raya mana su, ya ba su lafiya.